Neman ƙarfen sirdin da zai dace da tsohon firam ɗin Peugeot

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin keke a cikin wannan zaure. Na sayi tsohon firam na baƙin ƙarfe ƙirar Peugeot, irin na tsere mai lanƙwasasshen kai, a wurin masu kekunan gwanjo, kuma ya zo ba sirdi ba ƙarfen sirdi. Sauran kayan duk na samu na haɗa, amma ƙarfen da ke shiga cikin bututu ya ɗauki sirdi shi ne ya gagara. Wanda ake samu a kowane shago, mai lamba 25.4, idan na zura shi faɗawa yake yi da kansa yana kaɗawa, kuma ko na ɗaure notin iya ƙarfina, da na hau sai ya nutse. Mai lamba 27.2 kuwa ko bakinsa bai shiga ba. Wani mai shago ya ce in kawo keken a shafa mai a buga babban da guduma, amma hankalina bai kwanta da wannan ba.

Baba Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kyauta da ba ka yarda an sa guduma ba. Ƙarfen sirdin da ya dace, da hannu ake shigar da shi, ana ɗan murzawa hagu da dama yana sauka a hankali, kuma idan aka sake shi kafin a ɗaure noti ba ya faɗawa. Duk wanda sai an buga shi kafin ya shiga, to ranar fitar da shi sai an haɗa da zarto, wani lokaci ma bututun ne zai tsage daga baya. Haka kuma ka daina matse notin a kan wancan ƙaramin, domin kunnuwan nan biyu da notin ke ratsawa kake lanƙwasawa, kuma su ne abu mafi wahalar gyara a wannan wurin. Ka duba tsagar da ke bayan bututun, tsakanin kunnuwan, ka gaya mana yadda take: shin faɗinta ɗaya ne daga sama zuwa ƙasa, ko kuwa bakinta na sama ya tsuke?

Ɗan Gwale:
Na duba, Baba. Daga ƙasa tsagar tana da faɗinta, amma a sama gefunan sun kusa haɗuwa, kuma haka na same su tun ranar da na sayi firam ɗin.

Injiniya Na-Kaduna:
Wannan yana nuna cewa an daɗe ana hawan keken da ƙarfen da ya yi masa kaɗan, kuma yana da muhimmanci ga awon da za a yi, domin bakin bututun a yanzu ya fi ainihin girmansa ƙanƙanta. Bari in ɗan yi bayanin lambobin, saboda mutane da yawa suna ɗauka girma biyu ko uku ne kawai ake da su. Lambar da ake bugawa a jikin ƙarfen sirdi, galibi can ƙasa kusa da layin da ke nuna iyakar inda za a iya ɗaga shi, kaurinsa ce da milimita. Lamba 25.4 inci ɗaya ke nan daidai, shi ya sa ta yawaita a kekunan aiki. Tsakaninta da 27.2 akwai 25.6 da 25.8 da 26.0 da 26.2 da 26.4 da 26.6 da 26.8 da 27.0, wato tazarar 0.2 tsakanin kowane da na kusa da shi, kuma kowannensu akwai firam ɗin da aka ƙera dominsa. Dalilin wannan yawa shi ne masu ƙera kekunan baƙin ƙarfe sun tsayar da girman bututun ta waje, yawanci 28.6, wato inci ɗaya da sumuni, saboda mahaɗan da ake zura bututun a ciki duk girmansu ɗaya ne. Abin da ke bambanta shi ne kaurin bangon bututun. Ƙarfe mai inganci ana iya yin bangonsa siriri, kamar 0.6, sai ramin ya yi faɗi ya karɓi 27.2, shi kuwa ƙarfe mai araha sai an yi bangonsa da kauri kafin ya ɗauki nauyi, sai ramin ya tsuke. Saboda haka sunan kamfani kaɗai ba ya gaya maka lambar, sai an auna.

Malam Na-Maraɗi:
Ina so in ƙara a kan bayanin Injiniya, domin mu nan Nijar mun fi ku cin karo da kekunan Faransa. Tsofaffin kekunan Faransa, irin su Peugeot da Motobécane da Gitane, ba su bi awon inci na Ingila ba. Bututun da ke ɗaukar sirdi a wurinsu 28.0 ne ta waje, ba 28.6 ba, don haka ko firam mafi kyau a cikinsu ba zai karɓi 27.2 ba. Masu ingancin galibi 26.4 ne ko 26.6, akwai kuma wasu Peugeot masu araha da ke ɗaukar ƙarfe siriri ƙwarai mai lamba 24.0. Tunda 25.4 yana kaɗawa a naka, ɗan'uwa, ba ka cikin wannan rukuni na ƙarshe, kuma ina kyautata zaton firam mai kyau ka samu. Akwai wasu Peugeot na shekarun 1980 da ba su da tsaga ko kunnuwa sam, ƙarfen sirdinsu daga ciki yake buɗewa ya riƙe bututu kamar yadda wuyan kan keke ke yi, amma tunda ka ambaci tsaga da noti, wannan bai shafe ka ba. Ka fara da auna bututun ta waje, a tsakiyarsa inda ba mahaɗi, domin shi zai nuna ko awon Faransa ne ko kuwa na baya ne da kamfanin ya koma bin awon sauran ƙasashe.

Ɗan Gwale:
Na gode, Malam. Abin awon da nake da shi tef ne na tela da rula ta 'yan makaranta. Shin za su wadatar, ko sai na nemi wani abu?

Injiniya Na-Kaduna:
Don awon waje za su iya wadatarwa idan ka bi ta hanyar kewaye. Ka yanki siririyar takarda, ka naɗa ta a jikin bututun sau ɗaya ka ja ta sosai, ka sa alama da fensir mai tsini a inda ta haɗu, sannan ka shimfiɗa ta a kan rula. Bututu mai 28.0 zai ba ka kewayen milimita 88, mai 28.6 kuma zai ba ka kusan 90, sai dai fenti yana ɗan ƙara wani abu a kai. Wannan tazara ta kusan milimita biyu ido yana iya ganinta. Amma awon ciki ba zai yiwu da takarda ba, kuma ko da kana da tsohon ƙarfen a hannu, bambancin 0.2 a kauri kusan milimita 0.6 ne kawai a kewaye, wanda kaurin layin fensir ma yana iya cinye shi. Abin da ake buƙata shi ne ma'aunin kauri mai muƙamuƙi biyu da masu injin fiƙe ƙarfe ke amfani da shi, wanda ke da ƙananan haƙora a baya don auna cikin rami. Ba sai ka saya ba, ka tura keken wurinsu su auna maka. Ka roƙe su su auna ta fuska uku ko huɗu, gaba da baya, hagu da dama, da kuma a karkace, domin bakin da aka daɗe ana matsewa ya daina zama da'ira.

Baba Mai Gyara:
Kafin a kai ga awo akwai aikin da ya kamata a fara yi, in ba haka ba ma'aunin zai faɗi abin da ba shi ne ba. Ka cire notin gaba ɗaya. Ka sami sukudireba mai faɗin baki ka sa a cikin tsagar daga sama, ka buɗa kunnuwan a hankali, kaɗan-kaɗan, har faɗin tsagar ya koma ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kada ka wuce haka. Baƙin ƙarfe yana jure wannan idan ba a yi gaggawa ba, amma firam ɗin alminiyam ba a yi masa haka. Bayan nan ka naɗa samfefa a jikin sanda ka goge cikin bututun, domin tsatsa da busasshen giris na shekaru suna cin wuri, ka bi da tsumma mai kalanzir. Idan gefen tsagar yana da kaifi ta ciki, ka shafe shi da ƙaramin magagari, don shi ne ke zana jikin sabon ƙarfe. Kana cikin wannan aikin ka duba ƙasan tsagar da kyau, inda ta ƙare, ka ga ko akwai siririn fashi da ya fara sauka, domin idan akwai, maganar mai walda ce za ta zo kafin maganar sirdi.

Amma ni a ganina, ɗana, ba sai ka wahalar da kanka da neman lambar da ba ta kasuwa ba. Ka riƙe 25.4 ɗin da ka riga ka saya, a yanka gwangwanin lemo a naɗa masa har ya cika ramin. Mun yi wa mutane da yawa haka, masu ɗaukar buhu a kariya da masu zuwa gona, kuma suna hawa lafiya.

Injiniya Na-Kaduna:
Baba, duk abin da kuka faɗa game da buɗa kunnuwa da goge bututu na yarda da shi, kuma ku ne kuka fi mu sanin hannu a wannan aiki. Amma a kan gwangwani ina da ja, a wannan keken dai. Kaurin bangon gwangwanin lemo kusan 0.1 ne, don haka naɗi ɗaya yana ƙara 0.2 a kaurin ƙarfe. Idan ramin 26.4 ne aka sami 26.2, naɗi ɗaya zai cike giɓin kuma ba ni da abin cewa. Amma daga 25.4 zuwa 26.4 milimita guda ce cur, wato naɗi biyar ke nan, kuma naɗi biyar na abu mai santsin fenti suna zamewa a kan juna. Mai keken zai ji sirdi yana juyawa, sai ya ƙara matse noti, sai kunnuwan su koma inda aka same su. Sannan mafi yawan masu naɗa gwangwani guntu suke sawa a baki kawai, ƙasan ƙarfen yana lilo a cikin bututu, ta yadda duk nauyin mahayi yana taruwa a wuri ɗaya, daidai inda bututun ya fi rauni saboda tsaga.

Baba Mai Gyara:
Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ka tuna da wanda ake yi wa aikin. Mutumin da ke cikin ƙauye, wanda kekensa shi ne ƙafarsa, ba zai jingine shi wata guda yana jiran ƙarfe daga wani gari ba. Kuma ni ba guntu nake sawa ba. Ina yanka gwangwanin a tsayinsa, in kankare fentin da samfefa, in bar ɗan leɓe a sama in lanƙwasa shi a bakin bututu don kada ya zame ciki. Kekunan da nake magana a kansu, Phoenix da Hero da tsohon Raleigh, bangon bututunsu yana da kauri, suna jure abin da aka yi musu.

Malam Na-Maraɗi:
Ina ganin a nan ne maganganunku biyu suka rabu, kuma kowa yana da gaskiya a kan keken da yake tunani. Idan bututun Ɗan Gwale 28.0 ne ta waje kuma ramin ya kai 26.4, to bangon bai kai milimita ɗaya ba, yana wajen 0.7 zuwa 0.8. Wannan ba irin bututun Phoenix ba ne da za a yi ta matsa yana haƙuri. Idan har za a yi ciko, to a yi shi da abu guda ɗaya mai kaurin 0.5, wanda aka naɗe sau ɗaya aka bar masa tsaga, a daidaita tsagarsa da ta firam, kuma tsawonsa ya kai santimita takwas ko goma, ya sauka ya wuce inda bututun sama ya haɗu da na sirdi. Kamfanonin kayan keke suna ƙera irin wannan hannun riga na alminiyam mai leɓe a sama, ana rubuta lambobi biyu a jikinsa, ta ciki da ta waje, kuma mai injin fiƙe ƙarfe da ya san aikinsa zai iya fitar da shi. Da irin wannan ciko ban ga laifin 25.4 ba.

Malamin Funtuwa:
Ku gafarce ni in shigo da tawa tambayar, tunda ta yi kama da wannan. Ina da baƙin Raleigh na mahaifinmu, irin mai birkin sanda, wanda ƙarfen sirdinsa ya lanƙwashe. Tunda an ce suna ba ya nuna lamba, shin ni ma sai na je awo, ko kuwa duk wanda na saya zai yi?

Baba Mai Gyara:
Malam, naka mai sauƙi ne. Waɗannan Raleigh na aiki, ko na Ingila ko waɗanda aka haɗa a Kano, inci ɗaya suke ɗauka, wato 25.4, kuma shi ne wanda ya cika kasuwa. Tunda tsohon yana hannunka, ka tafi da shi ka gwada su gefe da gefe. Abin da za ka lura da shi shi ne saman ƙarfen: na irin kekenka tsukakke ne a sama, 22.2, domin a nan ne maƙalar sirdi ke kamawa. Kada ka sayi na zamani mai maƙala a haɗe da jikinsa, domin sirdin Raleigh mai sifirin ba lallai ne ya zauna a kansa ba. Kuma idan lanƙwashewar ta zo ne daga ɗaga shi sama da yawa, ka nemi mai tsawo, kada ka bar abin da ke cikin bututu ya gaza tsawon yatsa.

Injiniya Na-Kaduna:
Haka ne. Sai dai Raleigh ɗin tsere da aka yi da bututun Reynolds 531 mai siririn bango 27.2 yake ɗauka, don kada wani mai irinsa ya karanta wannan ya sayi inci ɗaya. Ina kuma so in rufe wata ƙofa tun kafin Ɗan Gwale ya isa wurin masu injin, domin akwai yiwuwar su ba shi shawarar a faɗaɗa ramin firam ɗin ya karɓi 27.2. Kada ya yarda. Daga 26.4 zuwa 27.2 za a cire 0.4 a kowane gefe, wato rabin bangon ko fiye, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Idan dole sai an fiƙe wani abu, a fiƙe ƙarfen sirdi, wanda za a iya sayen wani idan ya lalace, kuma ko shi ɗin sai mai kaurin bango, a rage 0.2 daga wanda ya fi kusa, kamar 26.6 zuwa 26.4. Rage 27.2 har zuwa 26.4 yana raunana shi a daidai bakin firam, inda yake karyewa idan zai karye.

Ɗan Gwale:
Na bi abin da kuka tsara. Takardar ta ba ni 88 da ɗan ɗigo, don haka awon Faransa ne kamar yadda Malam Na-Maraɗi ya yi zato. Na buɗa kunnuwan yadda Baba ya ce, na goge cikin, kuma alhamdu lillahi babu fashi a ƙasan tsagar. Mai injin ya auna, hagu da dama ya sami 26.3, gaba da baya kuma 26.6. Yanzu ban san wanda zan ɗauka ba tsakanin 26.2 da 26.4 da 26.6.

Injiniya Na-Kaduna:
Bakin bai gama komawa da'ira ba, shi ya sa lambobin suka bambanta, kuma haƙoran ma'aunin ba sa sauka can ƙasa inda bututun bai taɓu ba. Tsakiyar lambobin biyu ta faɗa wajen 26.45, kuma ramin kan ɗan fi ƙarfensa faɗi kaɗan don ya samu ya shiga, don haka 26.4 ne ya fi kusa. Na cire 26.2 daga lissafi, domin shi ne zai fi saurin shiga a yau saboda tsukewar baki, amma a ƙasa zai yi kaɗawa kuma ya mayar da kai matsalar farko. Tabbaci dai sai an gwada. Idan 26.4 ya cije a santimita biyun farko sannan ya sauka sumul ba tare da kaɗawa ba, shi ne. Idan ka ɗaure noti daidai ƙarfin hannu da ƙaramar sifana, sirdin ya ƙi juyawa, kuma tsagar ta tsaya da sauran fili a tsakaninta, to magana ta ƙare. Idan kuwa sai gefunan sun kusa haɗuwa kafin ya riƙe, ka koma 26.6.

Hajiya Mai Shago:
Ni kayan keke nake sayarwa, kuma zan gaya maka gaskiyar kasuwa, ƙanena. Sababbin da ke zuwa mana a katan 25.4 ne da 27.2, sai manya na kekunan hawa dutse, 30.9 da 31.6. Lambobin tsakiya ba ma ajiye su domin sai a daɗe ba a tambaya ba. Inda za ka same su shi ne wurin masu kwance kekunan gwanjo da suka lalace, waɗanda ke tara ƙarafan sirdi a buhu. Ka tafi da keken kansa, kada ka tafi da lamba a takarda kawai, ka tafi da tsumma da ɗan samfefa, domin lambar tana ɓoye a ƙarƙashin datti kuma yaran shagon da ido suke zaɓa. Ka duba jikin wanda ka samu, idan akwai zurfin zane a kewaye ko ya ɗan lanƙwashe, ka bar shi. Idan ba ka samu ba, ana sayar da 26.4 sabo ta intanet, sai dai ka lissafa kuɗin kawowa kafin ka yanke shawara tsakaninsa da cikon da Malam Na-Maraɗi ya bayyana.

Baba Mai Gyara:
Tunda awo ya nuna siririn bango ne, ka bi ta hanyar 26.4 ɗin, gwangwani kuma a bar shi ga kekunan da ya dace da su. Saura abu ɗaya da nake roƙonka kada ka manta. Wanda za ka samu mai wannan lamba kusan tabbas na alminiyam ne, firam ɗinka kuma baƙin ƙarfe, kuma waɗannan biyun idan ruwa ya shiga tsakaninsu suna kama juna har a rasa yadda za a raba su. Ka shafa giris a cikin bututun da jikin ƙarfen kafin ka zura, kada ka ji tsoron zai sa ya zame, domin wanda ya dace ba ya zamewa saboda giris. Duk ƙarshen damina ka kwance noti, ka zare shi, ka goge, ka sake shafawa. Ka kuma duba notin da kansa, domin wanda aka daɗe ana matsewa fiye da kima yakan lanƙwashe ko zarensa ya cinye, kuma sabo ba shi da tsada.

Ɗan Gwale:
Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Na samu 26.4 na alminiyam a wurin masu kwance gwanjo kamar yadda Hajiya ta ce. Ya ɗan cije a baki sannan ya sauka da murzawar hannu, notin ya riƙe shi tun kafin in sa ƙarfi, kuma tsagar tana nan da filinta. Gajere ne, amma a tsayin da nake hawa layin iyakar yana cikin bututu da kusan santimita biyu. Na sa giris, notin kuma na canza shi domin tsohon ya lanƙwashe.